Ragon Amana da Waken Iya Risikat

Sabi'u ya zo Agege daga wani ƙauyen Gumel da niyyar cin rani ɗaya. Bana ya cika shekara ashirin da uku a garin. Sana'arsa kiwon raguna a wani ɗan fili bayan layin dogo: a kawo masa ramammu, ya mayar da su sun yi ƙiba kafin Babbar Sallah. Ya saba da motocin haya na danfo, ya saba da ruwan sama mara sallama. Abin da ya kasa yafe wa Legas shi ne a ce harawa, ganyen waken da a gida ake jibgewa a kan rufin ɗaki, sai an saya a buhu.

Saura kwana tara Sallah idonsa ya faɗa kan katangar maƙwabciyarsa, Iya Risikat, Bayarabiya mai sayar da burodi. Wani wake ne ya lulluɓe ta, kore shar, kwansonsa ya haura taƙi guda, ƙwayarsa fara ƙal kamar kan babban yatsa. Sabi'u ya tausaya wa mutanen da Allah ya ba arziki ba su sani ba. Da hantsi, bayan ta fita, ya sa lauje ya yanko runguma biyu, ya zuba wa ragon layyar da Alhaji Abdulbaƙi mahauci ya ba shi amana, ya tafi ɗebo ruwa.

Da ya dawo ya tarar da ita ta riƙe ƙugu, ta kira shi da sunan 'yarsa kamar yadda ta saba.

"Baba Fauziyya, wa ya yi wa katangata aski?"

"Iya, wake ne fa. Dabba na ba."

"Ka taɓa ganin na dafa shi? Don korar maciji muka shuka shi! Ɗanyensa ko kaza ba ma bari ta ci."

Sabi'u ya saki jarkokin ya ruga. Ya tarar da rago a kwance yana tuƙa, wake kuwa ko ganye ɗaya babu a gabansa. Ya danne shi ya ɗura masa manja rabin kwalba, ya bi da ruwan kanwa. Sannan ya tsuguna yana shirya abin da zai faɗa wa Alhaji, mutumin da ke kiran waya kullum ya tambayi lafiyar ragon kafin ta Sabi'u. Duk jawabin da ya shirya, da ya kai tsakiya sai ya rushe.

Da la'asar ya ja igiya don ya ga ko zai yi tangaɗi. Rago ya miƙe garau. Ga waken nan a ƙarƙashinsa, ganye da kwanso, a daddanne, babu inda haƙori ya taɓa. Shimfiɗa ya yi da shi.

Iya Risikat ta leƙo ta kan katanga.

"Ashe ragon ya fi ka karatu."

"Ya fi ni, Iya," in ji Sabi'u. "Wallahi ya fi ni."

Ya zauna daɓas a ƙasa yana hamdala. Ragon kuwa, da ya sha manja ba laifin tsaye ba na zaune, ya juya masa baya.