Sawun Yatsu a Bayan Siminti

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Audu magini, Allah Ya jiƙansa. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa. Bana kam na ɗauki alƙalami, domin zauren da ya gina da hannunsa ya bi shi.

Unguwarmu ta Magina tana cikin tsohon garin Malumfashi. Kakanninmu ne suka sare ta a gefen kududdufin da suke ɗibar ƙasa. Gidajen manne suke da juna, lungunan ba su wuce faɗin jaki da kayansa ba, kowane gida da zaurensa da zankwaye a kai. Namu, da ke bakin titi, shi ne abin nuni a unguwar. Baba ya yi masa rufin bakan gizo, ya jera azarar giginya ɗaya bayan ɗaya. Ko ana tsakiyar bazara, in ka shiga sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa. A nan ake raɗin suna, a nan ake sasanta rikicin gona.

Da kuɗin auduga ya shigo, maƙwabta suka koma rufin kwano, daga baya bulo. Baba bai hana kowa ba, tsiya kawai yake yi musu, wai sun sayi zafi da kuɗinsu, ga shi kuma da azahar duk a zaurensa suke tarewa. Shi dai kafin ruwan farko sai ya yi yaɓe. A kwaɓa ƙasa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, a shafe bango da tafin hannu, a share indararo. Mu mata namu ɗibar ruwa da dama kunu. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi: siminti a kan ginin ƙasa. Yakan ce ruwa zai shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, ƙasa ta ruɓe daga ciki alhali waje yana sheƙi.

Yana ciwon ajali, ina zaune a gefen gadonsa ranar da ya kira babban wanmu, Yaya Sani, mai harkar masara.

"Sani, zauren nan amana ne. Kada a sa masa diga."

"Na yi alkawari, Baba."

Bai kuwa sa masa diga ba. Shekara biyu da rasuwar ya sa aka shafe zauren da siminti ciki da waje, aka yi fenti. Na taso daga Funtua, inda nake aure, na tuna masa maganar Baba. Ya yi dariya ya ce, "Haba Binta, simintin yanzu ai ba irin na da ba ne." Na yi masa uzuri. Na ce ɗan kasuwa ne, tun yana saurayi ya bar gini, gata yake ganin ya yi wa zauren. Shekara da shekaru ina kare shi a gaban ƙannenmu.

A daminar bara bangon gabas ya zauna, bakan gizon ya biyo shi. Allah Ya tsare, ba kowa a ciki. Washegari da na iso, na tarar da bulo jere a bayan gida, har ciyawa ta tsiro a tsakaninsu. Ba jiya aka buga su ba. Shaguna huɗu za a fitar a wurin, masu kallon titi.

Duk da haka ban yarda ba. Ina tono cikin ɓaraguzai na ɗago wani ɓallin siminti. A bayansa ga sawun yatsu nan raɗau, siminti ya kwafe shafar yaɓen ƙarshe, layi-layi, babu inda hannu ya karkace. Na kai wa Yaya ina hawaye, na ce, "Yaya, dubi hannun Baba."

Ya karɓa ya daɗe yana kallo. "Ba na Baba ba ne," in ji shi. "Nawa ne. Shekararsa ta ƙarshe ba ya iya hawa tsani, ni na yi masa."

A nan uzurina ya ƙare. Mai wannan shafar ya san ƙasa, ya san abin da siminti ke yi mata. Yaya bai rushe zauren ba, damina ya ba aikin, ya zauna yana jira. Da diga ya ɗauko da rana tsaka da na yi kukana na haƙura, wannan kuwa har yau ban iya haɗiye shi ba.

Me Baba zai ce da ya ga unguwar yau? Ba na jin kwano da bulo za su dame shi, ya saba da su. Abin da zai karya masa zuciya shi ne duk cikin 'ya'yansa mutum ɗaya ya gaji hannunsa.

Zaure uku ne suka rage a unguwar, biyu ginin Baba ne, masu su kuma har yanzu suna yaɓe. Ɓallin simintin yana cikin akwatina. Na ɗauko shi ne don in riƙa tuna Baba, amma duk sanda na buɗe, Yaya nake gani.