A Kwance Igiyar Mu Gani

Matso nan kusa, ja tabarma, in ba ka labarin ƙanena Sani da tattabarunsa na sayowa. Amma sai na fara da kakarmu Inna Hajo, don ita ta riga kowa ba da labarin nan, tun Sani na yawo ba wando.

Gidanmu na wani ƙauye tsakanin Konni da Malbaza. A bangonmu na gabas akwai tukwane da anka bisne cikin laka, bakinsu na waje, nan tattabarunmu ke kwana. Ƙanana ne masu ruwan toka, ba su da wani kyau, 'yan toka muke ce musu. Kakan babanmu ya fara kiwonsu. Bayan girbi sai mazan ƙauye su zuba nasu cikin kwanduna, a kai su nesa a saki, a ga ta wa za ta riga isowa gida. Maza ke kuri, amma Inna Hajo ke watsa tsaba, ita ke cika kasko da ruwa, ita ta san wadda ke kan ƙwai.

In an kwashe tuwo bayan magariba, sai mu kewaye murhu, ta jawo garwashi da tsinke, tattabaru na gurnani cikin bango a bayanta. Ba ta buɗe tatsuniya irin na kowa. Cewa take, "Ga ta nan, ta sauka bisa danga." Mu kuma mu amsa, "A watsa mata gero!"

Akwai wadda ta fi maimaita mana. Wai wani mai dukiya ne ya ga maƙwabciyarsa, tsohuwa matalauciya, tana da tattabara guda wadda ko ina anka kai ta sai ta komo. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ba da saniya ya karɓi tsuntsuwar. Washegari ta koma gun tsohuwa. Ya je ya tambaya me take ba ta. Tsohuwa ta ce dussa da ruwa a sakaina. Ya yi dariya, ya kawo riɗi da madara cikin tasa. Tattabara ta ci ta ƙoshi, ta share baki, ta koma gun dussa. Daga ƙarshe ya ɗaure mata igiya a ƙafa, ya kira mutanen gari su zo su ga yadda take ƙaunarsa, ko tashi ba ta yi.

Nan Inna Hajo ke taɓe baki har haƙorinta guda na gaba ya fito. "Sai tsohuwa tal leƙo bisa danga, tac ce, 'Alhaji, madalla da wagga ƙauna. A kwance igiyar mu gani.'" Sai ta tofa goro cikin toka. "Sakarai! Shi a tunaninai gida abin saye ne kasuwa. To, ta tashi, ta bar muku gashi. Ku tafi ku kwanta."

Sani kullum kafin a kai gun igiya ya yi barci. Ka riƙe wannan.

Inna Hajo ta rasu, babanmu ya bi ta, tukwane sunka dawo hannuna, tunda ni ce ba na zuwa ko'ina. Sani kuwa ya yi lakwal, wato boko, ya samu aiki izin, masana'antar siminti ta Malbaza, ya koyi sa tabarau ko rana ba ta fito ba. Bara sai ga shi da kabu-kabu biyu, an ɗauro keji na waya da wasu fararen tattabaru shida, manya kamar zabi, kowace da zobe a ƙafa. Ya ce daga Illela ta Najeriya ya sayo su, jinin tsere ne, kakanninsu ma jirgi ya kawo su.

Ya tsaya yana kallon bangonmu kamar ya ga juji. "Yaya, wannan ƙazantar ta isa. Zan rushe tukwanen nan in zuba siminti. Waɗannan ƙwailayen naki kuma a yi romo da su."

Na ce, "Sani, waɗannan ƙwailayen sun girme ka a gidan nan."

Ya ce to, a gwada. Ranar tsere in tasa ta riga tawa, bango ya faɗi, wuƙa ta hau 'yan toka. In tawa ta riga, ba zai sake maganar ba. Na yarda, amma wallahi ba da son raina ba. Bangon nan shi kaɗai ya rage da hannun Inna Hajo ya shafa.

Wata uku fararen nan na cikin keji a tsakar gidana. Ko yaron goye a ƙauyenmu ya san in ka sayo tattabara, fige mata gashin fiffike ake yi, a bar ta tana tafiya ƙasa tana kallon gida, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, kafin gashi ya fito ta zama taka. Na faɗa wa Sani. Ya ce ina, wa zai fige tsuntsu mai zobe? Sai abinci na leda da wani magani da yake ɗiga musu a ruwa. Duk Juma'a ya zo ya ɗauke su hoto da salula, yana cewa, "Yaya, dubi yadda sunka saba, ko motsi ba su yi." Na dubi ƙofar kejin da kwaɗonta, na ce, "Haka ne. A kwance igiyar mu gani." Ya ce wace igiya?

Ranar tsere samari sunka kai kwanduna garin Badagishiri, can arewa da mu. Ni guda na bayar, wata 'yar toka mai ɗingishi wadda ke da 'yan shila biyu a tukunya. Dabarar Inna Hajo ce: uwa mai 'ya'ya ba ta tsayawa kallon hanya. Sani ya sa shadda ya zauna ƙofar gida da abokansa, ana dafa shayi. Anka bugo waya an sake su.

Da hantsi wani ya yi ihu, ga farare can! Gaskiya sun iya gudu, wannan ba zan hana su ba. Sani ya miƙe yana tafi, yana fito. Sunka zo daidai kan gidanmu su shida, ko kallon kejin ba su yi ba, sunka miƙe kudu. Wani tsoho cikin masu kallo ya ce, "Alhaji Sani, kayanka sun ƙetare iyaka, ko gun duwan masu binciken kaya ba su tsaya ba." Ana cikin dariya sai ga 'yar ɗingishina, ta faɗo bisa bango tana haki, ta shige tukunya. Ba ita ta zo farko a ƙauye ba, ta gidan liman ta riga ta. Amma a gidanmu ita kaɗai ta zo.

Ranar kasuwa Sani ya ƙetara Illela. Ya tarar da fararensa shida a kejin mai su, an sake kasa su ana jiran wani mai tabarau.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin zagin masu dukiya, kuma har yau ina jin daɗinta a haka, ba zan ɓoye ba. Amma ga abin da na lura. Sani na da ɗaki na siminti a Malbaza, da fanka, da mai kawo masa shinkafa. Ba wanda ya ɗaure shi. Juma'ar da ta biyo, ga kunya ga komai, sai ga shi ya shigo sumui-sumui, ya zauna gindin bangon da ya so rushewa, ya ce, "Yaya, akwai sauran tuwo?" Na zuba masa da miyar kuka. Sakaran ɗan toka ne shi ma, bai sani ba.

To kai fa, abin nan da kake bugun ƙirji kana cewa naka ne, ka taɓa kwance masa igiyar ka gani?