Datti Wutsiya da Rufin Masallaci

A Unguwar Shanu, in ka ce kana neman Datti kafinta, sai an tsaya tunani. Ka ce Datti Wutsiya, ko yaron goye ya nuna maka shagonsa. Da zolaya sunan ya fara, kuma ya ci masa rai ƙwarai.

Datti mutum ne mai hannu, kujerarsa ba ta girgiɗi. Aibinsa ɗaya, in aibi ne, wuyansa kullum a ɗage, yana kallon taurari. Tun yana ƙauye kakarsa ta nuna masa Zara matar wata, da Kaza da 'ya'yanta, da Gamzaki mai fitowa da asuba. Da ya zo Kaduna sai Allah ya haɗa shi da Malam Yusha'u, wani akawu a Unguwar Rimi, mai rediyo da madubin hangen nesa. Datti ya je gyaran ƙofa ne, hira ta kai su sama, har yau ba su sauko ba. Duk Juma'a da la'asar suna kan tabarma, suna musun ko mutumin da ya taka wata zai iya jin sanyi.

A ƙarshen 1973 rediyo ta cika duniya da labarin wata tauraruwa mai wutsiya, wai ba a taɓa ganin irinta ba. Malam Yusha'u ya ce a bi a hankali. Ina, Datti ya riga ya hau. Ya bi masallaci da mahauta yana shela, ya ƙera bencina, ya jera a filin ƙwallo, matarsa Ladidi ta dama kunu cikin babbar roba. Bayan magariba unguwa ta fito ƙwanta da kwarkwata, kowa ya zuba wa yamma ido. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Wani ɗan ɗigo ne dishi-dishi, shi ma sai da madubi. Rabe mahauci ya shanye kununsa, ya goge baki, ya ce, "Malam Datti, wutsiyar fa? Ko mun yanke ta a mahauta ne?"

Daga ranar sunan ya bi shi. Abin da ya fi ƙona masa rai, maganarsa ta daina nauyi. In ya ce gobe zai kawo tebur, sai a ce, "Tare da wutsiyar?" Ya rantse a gaban Ladidi cewa ba zai sake nuna wa kowa sama ba, sai in wani ne ya tambaye shi da bakinsa. Ladidi ta ce, "Maigida, kai da shiru? Mu dai gani." Ya kuwa riƙe rantsuwar, ko da yake tana cinsa.

Aka shiga 1976. Gab da damina, mutanen unguwa suka ba shi aikin sauya kwanon ƙaramin masallacinsu, wanda ya tsufa yana yoyo. Malam Yusha'u ya raɗa masa cewa wata tauraruwar na tafe, amma wannan karon rediyo ma kunya take ji, ba ta cika faɗa ba. Wata asuba Datti ya fito alwala, ya ɗaga kai gabas, buta ta suɓuce masa. Ga ta nan tsaye, fara sol, wutsiyarta ta baje sama kamar tsintsiya. Ya buɗe baki zai ƙwala kira, sai ya tuna rantsuwa. Mutane kuwa suna ta wucewa da barci a ido, kowa kansa a sunkuye, suka shige ƙarƙashin kwanon masallaci.

Ranar bai ci tuwon kirki ba. Da azahar ya ɗauki guduma da tsani, ya hau masallaci, ya kwashe kwanon nan kaf. Liman ya ce, "Datti, ai sabon bai iso ba." Ya ce, "Allah gafarta Malam, gara katakon ya sha iska."

Washegari aka yi sallar asuba sama a buɗe. Datti yana sahun baya, yana tsoron kada gajimare ya tozarta shi karo na biyu. Liman ya sallame, ya juyo ya fuskanci jama'a, aka ɗaga hannu za a yi addu'a. Hannu ya tashi, ido ya bi shi. Can saman bangon alƙibla, tsakanin katakon rufin, ga ta. Amin ɗin da ake amsawa ya soma raguwa, har ya ɗauke. Liman ya ga kowa yana kallon bayansa, shi ma ya waiwaya, ya ce, "Subhanallahi."

Datti ya sunkuyar da kai yana jan carbi, kamar ba shi ba. Sai ya ji an taɓa masa gwiwa. Rabe mahauci ne, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Datti, mece ce waccan?"

"Ni kafinta ne, Rabe. Kwano kawai na cire."

"Don girman Allah, Malam Datti, faɗa mana. Ba wani bala'i ba ne ko?"

To, an tambaye shi. Ya gyara zama, ya ce ba bala'i ba ne, halittar Allah ce, dunƙulen ƙanƙara da ƙura, zafin rana ke fitar mata da wutsiya. Ya yi ta bayani, hawaye na bin gemunsa bai damu ya share ba, har gari ya waye ta ɓace. Babu wanda ya tashi.

Da hantsi sabon kwano ya iso a kan amalanke. Datti ya jingina tsani ya fara hawa, Rabe ya zo da gudu da wuƙarsa a ɗamara, ya riƙe ƙafar tsanin.

"Sauko, Malam Wutsiya," in ji shi. "Liman ya ce kada a rufe sai ranar da ka ce ta tafi."