Daga Rufin Kwano Zuwa Gindin Randa

Yau ɗan ƙanƙanin dutsen da na ƙera, wanda lantarki ke sa shi karkarwa ya daidaita wayar hannu, ya fito daga tandar gwajin zafi, karkarwarsa ba ta kauce ba. Sai na tuna marigayi kawuna, mai gyaran rediyo a Tsafe.

Ba ya sallamar rediyo sai ta sha rana kan rufin kwano, ta huce a gindin randa. Ranar da wani manomin 'Yandoto ya matsa a ba shi tasa, Kawu ya ɗora tafina kan akwatin mai ƙuna, muryar mai labarai tana shaƙewa.

"Ji nan, ɗiyata. Wadda zafi ke sauya wa murya ba ta gyaru ba."

Da wannan ma'auni nake aiki, bai taɓa ba ni kunya ba. Allah Ya sanyaya makwancinsa.