Zainaba da Dashen Ajinmu

Zainaba 'yar Droum ce, ta zo Zinder karatun lise, wato babbar sakandare, tana zaune wajen gwaggonta a unguwar Zango. A ajinmu ba ta cika magana ba, mu kuma 'yan birni mun raina ta, don in ta riƙe alƙalami sai ka ce hauya ta riƙe.

Al'adar makarantarmu, duk watan Oktoba da an koma karatu, kowane aji sai ya dasa itatuwa. A yi tafi, a ɗauki hoto, kafin watan Afrilu duk sun bushe ƙarmas. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Ranar da aka ba mu dashen darbejiya arba'in, Zainaba ta miƙe gaban shugaban makaranta, wanda muke kira Mushe, wato malam da Faransanci.

"Mushe, damina ta wuce. A garinmu ko mahaukaci ba ya dashe yanzu."

Shugaban ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "To, manomiya, yi yadda kika sani. In suka mutu, ke za ki tsaya gaban tuta ki yi wa makaranta duka bayani."

Ta jera dashen cikin ledojinsu a inuwa, daidai inda muke alwala, don ruwan da ya zuba ya ishe su. A garin da ake bin layin famfo, wannan dabara ce babba. Wata tara sauran azuzuwa suna yi mana dariya. Ni kaina na ji haushinta, ban ɓoye ba.

Da ruwa ya zauna a Yuli, an riga an yi hutu. Ta bar noman gidansu ta dawo, ta bi mu gida-gida ta tattaro mu. Muka haƙa ramuka, muka dasa, muka kewaye kowane da ƙaya saboda awaki. Hannuna ya yi kanta, na kuma ji daɗin hakan.

Da aka koma karatu, talatin da bakwai suna tsaye kore shar. Yau Zainaba ma'aikaciyar gandun daji ce, amma ni ranar nan nake tunawa. Shugaban ya kira ta gaban tuta, makaranta duka a jere, ya tambaye ta, "Bana yaushe za mu dasa?"

Ta ce, "Mushe, zan gaya maka in lokaci ya yi."