Kunnen Saniyar da Na Zana

Shekarar da nake aikin ordinatar, wato kwamfuta, a wani shagon buga takardu a Konni, wata ƙungiya ta koya wa mutum goma sha biyu yi wa shanu allurar rigakafi. Kawuna na cikinsu. Aka ce ba za a ba su takardar shaida ba, sai wata 'yar alama a salula da za su nuna wa makiyaya don a yarda su taɓa garke. Ni aka ba zanen.

Ni kuwa da iyayi, na ce ba zan sa saniyar Turawa ba. Na shiga kasuwar Badagishiri, na ɗauki hoton wata jar saniya mai dogon ƙaho, na kwafe ta tsaf, har da tsaga biyu da na gani a kunnenta na hagu. Aka yaba, aka aika wa kowa.

Kwana uku sai ga Kawu a bakin shago, ko tabarma bai zauna ba. Ya miƙo mini salularsa, ya ce, “Ɗiyata, saniyar wa kika sa mana?”

Ashe tsagar nan alamar wani gida ce a wajen Dogarawa, kuma gidan suna da tsohuwar rigimar rijiya da sauran rugage. Magana ta riga ta bazu cewa masu allurar yaran gidan ne. Wa zai miƙa dukiyarsa ga yaron abokin gaba?

Nan take na goge tsagar, na sake aikawa. Amma ina! Tsohon hoton ya riga ya yi ƙafa. Ina ta lissafin yadda Kawu ya bar gonarsa wata guda don wannan karatu, da yadda ciwon huhu ke kashe shanu bayan damina.

Ranar allura na bi shi a taksin daji, motar hayar ƙauye. Muka zauna gindin gawo tun hantsi. Garke ɗaya ya zo, na masu tsagar. Kawu ya yi musu allurar, ya wanke hannu, ya ci gaba da kallon hanya har la'asar.

Da zai rufe akwatin maganin ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Maganin sauran garkunan zai lalace kafin jibi.”