'Yar Daji da Ɗankwalin Inna

Littafin na Yayata ne. Wani kawunmu direban babbar mota ya kawo mata shi daga Legas tun ina 'yar firamare, littafin hotuna irin wanda maganar mutum take fitowa daga bakinsa cikin ɗan da'ira. Labarin wata budurwa ne da ta tashi a ƙungurmin daji, tana lilo da jijiyar bishiya, tana shaƙe damisa da hannu, mazan labarin kuwa ko kallo ba su ishe ta ba. Matsalarta ɗaya, ba ta da sutura. 'Yar guntuwar fata ta maƙala, wadda ko jakar hannu ba za ta fitar ba.

Inna ta san idan Baba ya gani, murhu ne makomar littafin. Sai ta ɗauki shuɗin biro ta bi shi shafi bayan shafi, ta ɗaura wa yarinyar zani har idon sawu, ta sa mata riga, ta ɗora mata ɗankwali mai 'yar jela a gefen hagu, irin ɗaurin da ita kanta take yi. Da Baba ya duba sai ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan yarinya 'yar mutunci ce, a daji ma ba ta yar da tarbiyyarta ba." Mu kuwa muna ɗaki muna toshe baki.

Ba mu kai ƙarshe ba akuyar gidanmu ta cinye shafukan baya. Ta bar mana 'yar daji a cikin ramin da mafarautan hauren giwa suka haƙa, ruwa na hawa, kada na matsowa. Har yau ban yafe wa akuyar nan ba.

Muka girma, Inna ta rasu, na shiga safarar takalma daga Guangzhou. Shekarar da China ta karɓi baƙuncin Olamfik, ciwon suga ya fara taɓa idon Yaya. Ina haɗa kaya ta zo ta cusa littafin a jakata.

"An ce babu abin da babu a ƙasar nan," in ji ta. "Ki nemo min ƙarshensa tun ina gani."

Na yi dariya, amma maganar ta tsaya min a rai.

Tafiyar ta zo da zaman banza. Biza ta yi wuya, unguwar Xiaobei da 'yan kasuwarmu ke sauka ta rage cika, masana'antu suna jan ƙafa. Duk shagon da ka shiga mai shi ya kafa wa talabijin ido yana kallon masu ninƙaya, ka tambayi kaya ya ce "meyo" ko waiwayowa ba zai yi ba. Wato babu. Ni da ba ni da haƙurin jira, sau biyu ina faɗa da mutum a banza.

Wata Hajiya 'yar Maraɗi muke masauki ɗaya da ita. Tana ganin littafin a kan gado ta tafa hannu.

"Ke! Wagga ɗiya ai tamu ce! Da Faransanci muka karance ta, gashinta baƙi, sunanta ma ba wanga ba."

"To yaya ta fita daga ramin?"

"Giwa ta zo ta miƙa mata hanci."

"Hajiya, kin gani ko dai kin ƙirƙira?"

"Wallahi ina jin giwa ce."

Wannan "ina jin" ɗin ba zan kai wa Yaya shi ba.

Washegari na je wajen dattijon da yake buga min kwalayen takalmi, wanda muke ce wa Laban, wato maigida, kamar kowane mai shago a can. Na fito da littafin don dai kada a ce ban tambaya ba. Ya gyara tabarau, ya kai fuskarsa kusa da takarda, ya hango fatar damisa a ƙarƙashin biro, sai ya fashe da dariya har da tari. Ya shiga ciki ya dawo da gwangwanin biskit cike da ƙananan littattafai, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Ashe tara su yake tun yana saurayi.

Da guntun Turancinsa da guntun nawa, da hannu da kai, ya ba ni tarihinta. A Amurka aka fara fitar da ita. Can ma iyaye suka yi ca a kan shigarta, har aka daina buga ta. Faransawa suka ɗauka suka sake mata suna. Daga baya wasu a Hong Kong suka sake zana ta gaba ɗaya, suka ba ta ido irin nasu da wando irin na 'yan kokawa. Ita ce a cikin gwangwaninsa.

"Duk ƙasar da ta je, sabon suna, sabon kaya," in ji shi.

"Har Kano ta zo," na ce, "mu ma mun yi mata namu."

Ya laluba ya zaro ɗaya, ga ramin, ga kadan. Zai juya shafi na rufe idona da mayafi. Ban yarda in riga Yaya gani ba, littafinta ne. Na roƙe shi ya buga min shafukan ƙarshen da girma yadda mai raunin ido zai gani, ya ɗinke su da namu.

Mu 'yan safara muna da al'ada. Ba ma dogon bayani, samfur muke ajiyewa mu ce "sem-sem", a yi irinsa sak. Su kuma ba sa wasa da kalmar nan. Idan samfurinka yana da tabo, to har tabon za a yi maka. Na san wannan sarai, amma baki ya saba. Na ɗora hannu a kan littafin Yaya na ce, "Laban, sem-sem." Girman takarda nake nufi.

Ranar da na koma ya miƙo min shi a naɗe, yana ta murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa. Na yi godiya na jefa a jaka. Ban buɗe ba har Kano.

Da hantsi muka zauna a tsakar gidan Yaya, inda haske ya fi. Ta fara daga farko, wai kada a yi wa labari rashin ladabi. Ni kuwa kamar in fizge. Muka wuce damisa, muka wuce mafarauta, muka iso inda haƙorin akuya ya tsaya. Ta yi bisimilla ta juya.

Babu wando. Ga 'yar daji cikin shuɗin zani har idon sawu, da riga, da ɗankwali mai jela a hagu. Dattijon nan ya zauna da biro ya bi kowane hoto kafin ya buga, ya kwaikwayi hannun Inna, har ɗigon da bironta yake yi a bakin zani bai bari ba.

Babu giwa ma. Gadon bayan kadan nan yarinyar ta taka, ta kama saiwar bishiya, ta fito da ƙarfinta. Na ce sai na kira Maraɗi a yau ɗin nan. Yaya ba ta ji ni ba. Dariya take, hawaye na zuba, ta kai littafin dab da idonta tana bin jelar ɗankwalin da ɗan yatsa.

"Ke, zo ki gani," ta ce. "Ɗaurin Inna ne. Duk wannan tsalle ko zamewa bai yi ba."